Usta Haruna Bai Yi Sakaci Ba

Da ƙarewar daminar nan, shekara tara ke nan cif da muka ɗauki Usta Haruna daga ƙarshen lungunmu muka kai shi makwancinsa. Duk shekara, idan riɗi ya fara yin rawaya a gonakin bayan gari, nakan ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai kuma in ɗauki almakashi in koma kan ɗinkina. Ni tela ne, kuma tela ba ya rasa uzuri. Bana dai uzurin ya ƙare. Akwai maganar da mutanen garinmu Gadarif suke yi a kan Haruna tun ranar da ya rasu, cewa sakaci ya yi a bakin aiki. Maganar ba gaskiya ba ce, kuma shekara tara ni kaɗai na san haka, domin ni na jawo abin da ya same shi.

Tare muka tashi. Kakansa da kakana ayari ɗaya suka biyo daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, suka yada zango a nan don su yi noma ɗaya su ƙara guzuri, noma ɗayan nan kuwa shi ne har yau ba mu gama ba. Ni na bi allura, shi ya shiga aikin wutar lantarki yana ɗaukar tsani, har ya kai matsayin da kowa ke ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane wahalar aikinsa ba. Baƙar lakar Gadarif da damina kumbura take yi, da rani kuma ta tsage har ƙafa ta shige. Saboda haka turakun wuta, waɗanda muke ce wa amud, ba sa tsayawa yadda aka kafa su. Ruwa na ɗaukewa za ka ga wannan ya karkata gabas, wancan ya sunkuya kan zanan gidan mutane, sai Haruna da mutanensa su bi su ɗaya bayan ɗaya suna miƙarwa.

Bayan la'asar a shagona yake zama. Mu sa jabana, 'yar butar gahawa, a tsakiya, ni ina taka keke, shi yana zuba mini labarin wuta, ko ina so ko ba na so. Lokacin da aka kawo mitar nan da muke kira jamra, wadda ake sa wa lambobi kafin ta ba ka wuta, gari ya ɗauka ƙarshen wayo ke nan. Haruna dariya ya yi. Ya ce wayonta duk na tsaron ƙofa ne, ba ta haifar da ko hasken ashana. Abin da ke damunsa shi ne gari guda, da asibitinsa da injinan ruwansa, a ce duk sun rataya ga waya ɗaya da ta taso daga madatsar ruwa mai nisa.

"Wata rana, ya zol, mutumina," in ji shi, "kowane gida zai yi kahrabarsa, wutar lantarkinsa, da kansa, ya adana ta kamar yadda muke binne dawa a rami. Wanda tasa ta yi yawa ya tura wa na kusa da shi. Yadda siniya, tiren abincin buɗa-baki, take fita daga kowane gida da azumi, haka kahraba za ta riƙa fita."

Ni kuwa sai in ce masa ya fara miƙar da amud ɗin ƙofar masallaci tukuna, sannan ya gyara duniya. Ba ya jin haushi. Amma akwai inda idan ya kai, dariyar takan bar fuskarsa. Yakan ce, "Abu ɗaya ke ba ni tsoro, Idi. Yanzu in na cire fis na yanke layi, na san ƙofa ɗaya ce na rufe, halas, shi ke nan. Ranar da kowane gida ya zama ƙofa, wa zai tsare mutumin da ke sama?" Na ji wannan tambaya daga bakinsa ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba.

Da na sayi ƙaramin janareta saboda ɗinkin Sallah, shi ya zo ya haɗa mini. Ya kafa wata makunna mai hannu a bangon zaure, wadda ake ce wa sikkina. Idan ka sauke ta, gidanka ya rabu da layin gari. Ya ce kafin in ja igiyar janareta, in sauke sikkina, kullum, ko da gobara ce ta kore ni. Wata rana na manta. Can sai ga matar maƙwabcina tana leƙowa tana murna, wai ƙwan ɗakinta ya kama alhali duk unguwa babu wuta. Ashe wutar janaretana ce ta bi waya ta fita lungu. Abin ya burge ni ƙwarai. Da Haruna ya zo na tare shi da fara'a, na ce ga mafarkinsa nan na cika masa ba tare da ya sha wahala ba. A duk zamanmu ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. Ya ajiye finjalin jabana bai sha ba, ya ce, "Idi, wannan ba karamci ba ne. Mutum za ka kashe." Na ba shi haƙuri, na rantse ba zan sake ba.

Ranar da abin ya faru, kwana biyu ke nan da rasuwar mahaifiyar Babikir, maƙwabcinmu na gida na uku. An kafa rumfar makoki a lungu, mutane sun zo har daga garin Hawata. Zafi ne irin na ƙarshen damina, wanda iska ba ta motsi, riga ta manne a baya. Da hantsi Haruna ya iso da kayan aikinsa, ya ɗaga hannu aka yi fatiha, ya sha shayi a tsaye, ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ya Babikir, mun yanke muku kahraba. Amud ɗin ƙarshen lungu ya kwanta, in ba mu tashe shi yau ba zai faɗa kan mutane. Kafin la'asar za ta dawo." Ina wurin ina jera kujeru. Da kunnena na ji.

Bayan azahar rumfar ta zama tanda. Fankoki biyu na tsaye da aka aro suna nan ba motsi, dattawa suna fifita da bakin rawani, wani tsoho ya jingina da turken rumfa yana haki. A wurinmu abin kunya ne maƙwabci yana makoki, kana da abin da zai sauƙaƙa wa baƙinsa, ka zauna a kansa. Mai kujeru ya kawo kujeru, mai tukunya ya kawo tukunya. Ni kuma ina da wuta. Ban yi shawara da kowa ba, na shiga gida na ja igiyar janareta, na bar sikkina a sama da gangan. Na gaya wa kaina cewa miƙar da amud aikin ƙasa ne, haƙa da igiya da turawa, na sha ganin suna yi. Ban tuna cewa sai wani ya hau ya sassauta wayoyi kafin a ja ba. Ko kuma na tuna, na ture tunanin gefe, domin ina son a ce Idris tela ya kyauta. Shekara tara ina juya wannan a raina, har yau ban san wanne ne gaskiya ba.

Fankoki suka juya. Mutanen rumfa suka ce alhamdu lillahi, kahraba ta dawo da wuri. Ina tsaye a ƙofar gidana ina jin daɗi. Ba a yi tsawon shan kofin shayi ba, sai ihu ya taso daga ƙarshen lungu.

Kowa ya ruga can. Ni cikin gida na ruga. Na kashe janareta, na sauke sikkina, sannan na bi mutane. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai: tun kafin kowa ya faɗa mini wanda ya faɗo, ƙafafuna sun riga sun sani, kuma abin da suka fara nema shi ne su ɓoye ni. Da na isa, yana kwance a kan laka, an cire masa takalmi, abokin aikinsa yana danna masa ƙirji yana kiran sunansa. Bai amsa ba.

Bayan kwana uku mutanen ofishinsu suka zo bincike. Abokin aikinsa ya rantse sun cire fis, sun gwada waya babu wuta kafin Usta ya hau. Amma mutanen rumfa gaba ɗaya suka shaida cewa wuta ta dawo, fankoki sun juya a kan idonsu. Ɗaya daga cikin masu binciken ya tambaya ko akwai mai janareta a lungun, aka kawo shi zaurena. Ya dubi sikkina, ya dube ni. Na ce, "A sauke take. Usta da kansa ya sa mini ita." Ya gyaɗa kai ya fita. Daga nan aka yanke cewa akwai layin da Haruna ya manta bai raba ba. Magana ta shiga kasuwa, ta shiga wurin masu shayi: Usta ya tsufa, ya raina aiki, sabo ya cinye shi. Mutumin da ko ƙwan fitila zai canza sai ya duba sau biyu, shi aka mayar abin misali ga masu ganganci. Ina ji ina taka kekena.

Matarsa Sa'adiyya ba ta taɓa yarda ba. Duk azumi takan aiko mini da nawa kwanon daban, a matsayin aminin mijinta, kuma idan na je gaishe ta takan ce, "Idris, kai ka san shi. Haruna ba ya mantuwa." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Ƙaddara ce, Hajja." Shekara biyar muna haka. Ta rasu kafin yaƙi, na zauna a rumfar makokinta na karɓi gaisuwa kamar ɗan'uwa.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da Haruna zai ce da ya ga Gadarif ta yau. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, mutanen Khartum suka kwararo mana, bayansu na yankin Jazira, har makarantu suka zama gidajen kwana. Wayar nan guda ɗaya da yake yi wa tsoro ta nuna halinta. Abu ya lalace a can nesa, inda ba mu taɓa zuwa ba, mu a nan mu kwana mu wuni babu wuta, babu ruwan famfo, jamra tana manne a bango ba ta da abin tsarewa. Sai faifan hasken rana suka fara bayyana, da farko a kan shagunan magani da wuraren cajin waya, daga baya a kan rufin duk wanda ya samu hali. Na san da zai tsaya a bakin titi ya riƙe ƙugu yana kallon rufin mutane, ya juyo ya ce mini, to Idi, wa ke mafarki yanzu? Amma na san kuma murnarsa ba za ta cika ba. Kowa nasa ya killace. Da tsakar rana batirin wani ya cika har wutar ta rasa inda za ta, ga maƙwabcinsa da jariri a ɗaki ana yi masa fifita da kwali. Da ya ce mun haƙa ramin dawar, mun manta da siniya.

Wadda ta tuna da siniyar 'yarsa ce, Amna. Tana sakandare ya rasu. Ta nace sai ta karanta aikin ubanta, ta tafi Khartum ta zama injiniya, yaƙi ya dawo mana da ita a bayan babbar mota, da mijinta da 'ya'ya biyu da jakar kayan aiki. Tun tana ƙarama Ammi take ce mini, wato baffa, kuma ni na ɗinka mata kayan makarantarta na farko. Da ta zauna a gidan ubanta, sai ta bi gidaje shida na lungunmu tana lallashi, har muka yarda ta haɗa mu da waya tamu ta kanmu. Masu faifai uku, marasa shi uku. Wutar da ta yi wa wannan yawa ta gangara wurin wancan. Tsofaffin unguwa sun yi ta gunaguni a kan mace da hawa tsani, har ranar da fankokinsu suka juya, daga nan ba a sake jin bakinsu ba.

Ta zauna a kujerar ubanta a shagona ta yi mini bayani. Ta ce inda duniya ta dosa ke nan: lungu-lungu, unguwa-unguwa, kowane rukuni yana iya tsayuwa da ƙafarsa idan babban layi ya faɗi, ya sake kama hannunsa idan ya tashi. Ta nuna mini wani akwati a bango ta ce, "Wannan, Ammi, da ya ji layin gari ya mutu, da kansa yake rufe ƙofa. Ko ɗigo ba ya bari ya fita waje, saboda wanda ke kan amud." Na ce tamam, ya yi, na yi kamar zare ya sarƙe mini a keke, na sunkuya ina gyarawa har ta tafi.

Gidana ne na ƙarshe da za ta haɗa. Da safe ta zo, ta tsaya a zaure gaban tsohuwar sikkina, ta shafa inda aka naɗe wayar, ta ce wannan ɗaurin Babanta ne, ko a ina ta gan shi za ta gane. Sannan ta fito da abin gwaji ta taɓa waya. Ta sake taɓawa. Ta sake, karo na uku. Na ce mata cikin wasa, "Ya bitti, 'yata, sau ɗaya bai isa ba?"

Ba ta juyo ba ta ce, "Baba sau ɗaya ya manta, Ammi."

Na sha jin wannan magana a kasuwa na daure. Ban taɓa zaton ta shiga har cikin gidansa ba. Ashe yarinyar nan ta girma, ta yi karatu, tana hawa tsani kullum, da imanin cewa ubanta ganganci ya kashe shi. Na ce ta ajiye kayan ta zauna. Na gaya mata komai, tun daga rumfar Babikir har zuwa amsar da na ba mai bincike, ban rage ba, ban yi wa kaina ado ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon sikkinar, sannan ta ce, "Umma ta sani?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Shekara biyar kana cin abincinta."

Ta tattara kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta zuge jaka, ta fita.

Mako biyu ba ta bi ta ƙofata ba. Na ɗauka shi ke nan, kuma ban ga laifinta ba. Sai wata safiya ga ta da kwaɗuna shida a leda. Ta tsaya daga bakin shago, ba ta shigo ba. Ta ce akwatin nan na bango na'ura ce, na'ura kuma tana lalacewa. Daga yau duk ranar da za ta hau, sai an sauke makunnar kowane gida an sa mata kwaɗo. "Kai za ka bi gida-gida ka kulle. Ka riƙe mabuɗan, ka tsaya a gindin tsani inda zan riƙa ganinka." Na tambaye ta me ya sa ni, duk mutanen lungun nan. Ta ce, "Domin kai kaɗai ka san abin da ke faruwa in ba a yi ba." Har ta juya, ta ƙara da cewa, "Kuma ka gaya wa mutane. Ba ni kaɗai aka yi wa ƙarya ba."

Na gaya wa Babikir. Na je har gidan abokin aikin Haruna, wanda shi ma ya sha zargi, na gaya masa, ya rufe fuska da hannu. Na tsaya bayan sallar la'asar a masallacinmu na faɗa. Wasu sun daina kawo mini ɗinki, wasu sun ce ai niyyata alheri ce. Na biyun sun fi ba ni haushi, domin alherin nan shi ya kashe shi. Wannan rubutu shi ne ragowar aikin, saboda maganar ta yi nisa fiye da inda ƙafata za ta kai.

Idan na auna abin da ya rage na Haruna, turakun da ya miƙar duk sun sake karkata, lakarmu ba ta riƙe wa kowa aikinsa. Mafarkinsa ya zo, amma ta hanyar yaƙi da gudun hijira, hanyar da ba zai so ba. Abin da ya tsaya daram shi ne tambayarsa. Masu ilimi za su ci gaba da ƙera akwatuna masu wayo, gidaje za su ci gaba da zama ƙofofi, kuma duk wanda ya sa faifai ko janareta a gidansa ya sani cewa wutarsa tana iya fita ta sami wani a sama, wanda yake da mata da 'ya. Ina roƙon mai karatu, kafin ya kyauta wa maƙwabci da wuta, ya fita ya ɗaga kai ya duba.

Jiya ma Amna ta hau. Na bi gidaje shida na kulle, na tsaya a gindin tsani da mabuɗai a tafin hannuna har suka yi mini shaida. Da ta sauko ta karɓa ta ce, "Shukran, ya Haj," yadda ake ce wa kowane tsoho a kasuwa. Tun ranar nan ba ta sake ce mini Ammi ba, ban kuma san ko za ta sake ba. Ina kewar kalmar, ina kewar ubanta fiye da yadda zan iya rubutawa. Allah ya jiƙan Sa'adiyya, wadda ta faɗi gaskiya ita kaɗai ta tafi ba a gaskata ta ba. Allah ya jiƙan Haruna, ya haskaka kabarinsa. Ya cire fis, ya gwada waya, sannan ya hau. Bai manta da komai ba.